Kallon taurari a NamibRand: Disamba ya fi ko tsakiyar shekara?

Malam Bashir, Kano

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Wurin aikina zai tura ni Windhoek, babban birnin Namibiya, kuma an bar mini zaɓi tsakanin farkon Disamba da wani lokaci daga Yuni zuwa Agusta. Niyyata ita ce idan na kammala abin da ya kai ni, in ƙara 'yan kwanaki daga aljihuna in gangara gandun dajin NamibRand da ke kudu maso yammacin ƙasar, wanda tun shekarar 2012 ƙungiyar da a yanzu ake kira DarkSky International ta sanya shi cikin wuraren da ake kare duhun darensu, kuma shi ne na farko a nahiyar Afirka da ya sami wannan matsayi. Kayan da nake da su ba su wuce madubin hangen nesa na hannu mai ido biyu da wata 'yar kyamara ba. Babban burina shi ne in ga farin zanen taurarin nan na Milky Way da idona yadda ya kamata, domin a cikin Kano fitilu da ƙura sun daɗe da raba mu da shi.

Zuciyata ta fi karkata ga Disamba saboda ba na jure sanyi, amma kuɗin masauki a wurin ba ƙarami ba ne, kuma ba na so in biya shi in kwana ina kallon gajimare. Ina roƙon wanda ya san wurin, ko ya san yanayin yankin, ya bayyana mini yadda sama take a waɗannan lokuta biyu: ko ana samun hadari a hamadar, ko hazon tekun da ake ba da labari yana kaiwa can, ko suna da ƙura irin ta hunturunmu, da kuma iyakar inda sanyin dare yake kaiwa. Allah ya saka da alheri.

Malama Hadiza, Zariya

Wa alaikumus salam, Malam Bashir. Ni malamar labarin ƙasa ce, don haka zan fara da abin da ya shafi fannina. NamibRand yana wajen digiri 25 kudu da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka lokutansu sun saɓa da namu: Disamba tsakiyar zafi ne a wurinsu, Yuni da Yuli kuma tsakiyar sanyi. Ruwan da gandun yake samu a shekara yawanci bai kai milimita 100 ba, wato bai kai rabin abin da Kano ke samu a watan Agusta kaɗai ba, kuma mafi yawansa yana sauka ne daga Janairu zuwa Maris ko Afrilu. Sai dai mai kallon taurari ba yawan ruwa ne damuwarsa ba, girgije ne. Tun daga Nuwamba danshi yakan fara shigowa ƙasar daga arewa da gabas, gizagizai su taru bisa duwatsun da ke gabas da hamadar da la'asar, su bazu zuwa yamma bayan faɗuwar rana. Sau da yawa ko ɗigo ba ya sauka, amma sun riga sun rufe maka rabin sama har zuwa tsakar dare. Ba na cewa duk daren Disamba haka yake, domin akwai darare masu kyau sosai a cikinsa, amma mai kwana uku ko huɗu kacal yana sayen caca ne. Daga Mayu zuwa Agusta kuwa, iska busasshiya ce ke mulkin yankin, kuma akan jera darare masu yawa ba a ga girgije ko kamar tafin hannu ba.

Dalili na biyu ya fi wannan ƙarfi, tunda ka ce Milky Way kake nema. Ɓangarensa mafi haske da kauri, wato wajen tsakiyarsa, yana wajen digiri 29 ne a kudancin sama. Daga Kano ba ya wuce digiri 49 sama da ƙasa, kuma lokacin da yake fitowa da dare ya dace da daminarmu, shi ya sa ko a ƙauye ba kasafai ake samunsa a sarari ba. A NamibRand kuwa yana ratsawa kusan saitin tsakar kanka. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, domin hasken abin da ke saitin kai yana ratsa mafi ƙarancin iska kafin ya iso ido, na digiri 30 yana ratsa ninki biyu na wannan, na kusa da ƙasa kuma ninki da yawa. A ƙarshen Yuni yana kaiwa ƙololuwa jim kaɗan bayan ƙarfe goma sha biyu na dare agogon Namibiya, a ƙarshen Yuli wajen ƙarfe goma, a ƙarshen Agusta kuma wajen ƙarfe takwas. A Disamba rana ce take zaune a daidai wannan ɓangare na sama, don haka ko da daren ya yi garau, ba za ka gan shi ba kwata-kwata.

Don kada in zalunci Disamba, yana da nasa abin kallo. A lokacin ne Gizagizan Magellan, tarin taurarin nan guda biyu da ke maƙwabtaka da namu, suke hawa sama sosai tun farkon dare. Babban yana da nisan tafiyar haske ta kimanin shekara 160,000, kuma daga Kano ba ya ɗagowa fiye da digiri 8, a tsakiyar hazon hunturu, wanda ke nufin a aikace ba ma ganinsa. Kaza da 'Ya'yanta ma tana nan a arewa, ga kuma ruwan taurari masu faɗowa da ake kira Geminid wajen 13 da 14 ga wata. Amma dare gajere ne a lokacin, kuma abin da ka ambata da bakinka ba ya cikin jerin. Shawarata Yuni ko Yuli.

Alhaji Mamman, Damagaram

Malama ta yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara ilimi. Ni dai akwai abin da nake ganin ya kamata a sa shi gaba da batun Yuni da Disamba, shi ne wata. Malam Bashir, ko an kashe duk fitilun Namibiya, idan ka je a daren sha huɗu, abin da za ka gani bai fi abin da kake gani a bayan garin Wudil ba. Farin wata sha kallo ne, amma ga mai neman ƙananan taurari babu abin da ya kai shi ɓarna, domin shi kaɗai yakan shafe Milky Way har sai ya koma ɗan dishi-dishi. Mu kuwa Allah ya hutar da mu wahalar lissafi, tunda kalandar Hijira tana rataye a kowane gida. Ka nemi dararen da ke tsakanin 24 ga wata zuwa 3 ko 4 ga sabon wata. Bayan cikarsa, wata yana jinkirta fitowa da kimanin minti 50 kowane dare, saboda haka tun daga 21 ko 22 za ka sami duhu daga bayan isha'i har zuwa wajen tsakar dare kafin ya leƙo. A farkon wata kuma jinjirin yakan faɗi da wuri ya bar maka sauran daren. Ka fara tsayar da waɗannan ranaku, sannan ka roƙi wurin aikinka su daidaita tafiyar da su, kuma ka kama masauki da wuri, domin duk masu wannan sha'awa daga Jamus da sauran ƙasashen Turai waɗannan dararen suke rububi.

Abu na biyu shi ne ido. A ƙuruciyata na yi zirga-zirga tsakanin Agadas da ƙauyukan Ayar, kuma na san cewa duhu ba ya buɗe wa mutum da zarar ya fito daga ɗaki. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba, kuma duba waya sau ɗaya ya isa ya mayar da kai farko. Ka nemi tocila mai jan haske, ko ka ɗaure bakin taka da jan leda, ka rage hasken wayar har ƙasa. Kada kuma ka yanke hukunci a kan sama da zarar an yi magariba, domin cikakken duhu ba ya sauka sai rana ta nutse da digiri 18, wanda a can yakan ɗauki fiye da awa ɗaya da kwata.

Akwai wani abu da nake so ka tsaya ka duba mini idan Allah ya kai ka. Kafin alfijir na gaskiya, a wuri mai duhu irin wannan, akan ga wani farin haske ya miƙe tsaye daga gabas, mai faɗi a ƙasa mai tsini a sama, wanda malamanmu na fiƙihu suke kira alfijirin ƙarya, suna siffanta shi da wutsiyar kyarkeci. Masana taurari sun bayyana cewa hasken rana ne yake dukan ƙurar da ke warwatse tsakanin duniyoyi. Yaranmu na birni sun karanta shi a littafi amma ba su taɓa ganinsa ba, saboda fitila ɗaya ta kan titi ta isa ta ɓoye shi. A irin wannan wuri yana fitowa ƙarara, da asuba a gabas, bayan isha'i kuma a yamma, har baƙo ya ɗauka akwai wani gari a bayan tudun yashi.

Injiniya Yusuf, Walvis Bay

Ina gaishe da Alhaji da Malama. Ina aiki a bakin tekun Namibiya, kuma nakan shiga NamibRand da Sesriem, wani ɗan ƙauye da ke kusa da gandun, idan na sami hutu, don haka bari in amsa batun hazo, ƙura da sanyi.

Hazon teku gaskiya ne, amma namu ne na bakin ruwa. Ruwan Benguela mai sanyi da ke gangarowa daga kudu shi ke sanyaya iskar da ke bisansa, danshi ya daskare ya zama hazo, ya lulluɓe Walvis Bay da Swakopmund da dare da safiya a kwanaki masu yawa na shekara. Yakan kutsa cikin hamada tsawon kilomitoci masu dama, amma NamibRand ya fi kilomita 100 daga teku, ga tekun yashi a tsakani, saboda haka ba kasafai yake kaiwa can ba. Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne kada ka auna saman gandun da hasashen yanayin Swakopmund, kuma kada wani ya ruɗe ka cewa kwana a bakin teku zai wadatar.

Ƙura kuwa akwai ta, sai dai ba irin tamu ba ce. Hazon hunturu yana tasowa daga nesa, musamman daga kwarin Bodele na Chadi, ya rataya a sama mako da makonni. Ta nan iskar gabas ce ke kawo ta, tsakanin Mayu da Agusta. Iska takan taru ta yi nauyi bisa tudun tsakiyar kudancin Afirka, ta gangaro ta kan duwatsu zuwa hamada, tana ƙara zafi da bushewa yayin da take saukowa. Alamarta ba ta ɓuya: kana zaune cikin bargo ƙarfe uku na dare, sai ka ji wata iska mai ɗumi ta bugi fuskarka, tantin ya fara kaɗawa, yashi ya fara ƙara a jikin kwanon shayi. Cikin ɗan lokaci taurarin da ke kusa da ƙasa su yi ja su dushe, na saman kai kuma su kama rawa. Idan ta fara, ka rufe madubinka da kyamararka ka sa su cikin jaka, kuma kada ka goge gilashin da gefen riga, domin yashin yana kankare shi. Takan yi kwana biyu ko uku, ta fi ƙarfi daga asuba zuwa hantsi, sannan ta kwanta sama ta wanke. Haka kuma jefi-jefi iskar sanyi takan hauro daga wajen Cape na Afirka ta Kudu da 'yan gizagizai, ta wuce cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma daren da ke biye mata yakan zo da sama mai tsabta da sanyi mai cizo. Saboda waɗannan biyun nake ganin dare biyu ya yi kaɗan. Wanda ya iya huɗu ya fi samun kwanciyar hankali.

A nan ne zan ɗan ƙara a kan maganar Malama. Cikin watannin da aka ba ka, ka bar Agusta a ƙarshen zaɓi. Daga Agusta zuwa Oktoba ake ƙone daji da gonaki a Angola, Zambiya da kudancin Kwango, hayaƙin kuma yakan bazu har saman Namibiya. Babu girgije, hasashen yanayi zai ce maka sama a buɗe take, amma za ka ga rana ta zama jar ƙwallo tun ba ta kai ƙasa ba, da dare kuma ƙananan taurari su ragu. Da zaɓin a hannuna yake, da na ɗauki duhun watan da ya faɗo a Yuni, ko ma ƙarshen Mayu, lokacin da ƙasa ba ta gama bushewa ba kuma hayaƙin bai taso ba. Ba banza ba ne aka kafa manyan na'urorin binciken sararin samaniya da ake kira H.E.S.S. a tudun Khomas kusa da dutsen Gamsberg tun 2002, kuma gonakin da ke karɓar masu kallon taurari a wannan yanki sun fi cika a waɗannan watanni.

Sanyi kuma, Malam Bashir, ba zan ɓoye maka ba. Da rana za ka ji daɗi, digiri 20 zuwa 25, har ka cire rigar sanyi. Amma iskar ba ta da danshin da zai riƙe zafi, don haka da zarar rana ta faɗi, bayan ƙarfe shida kaɗan a Yuni, ƙasa takan saki zafinta da sauri, kuma kafin asuba ma'auni yakan sauka kusa da sifili, wani lokaci har ƙasa da shi. Mai kallon taurari a zaune yake ba ya motsi, sanyin kuma ta ƙafa da kai yake shiga. Ka taho da riguna da za ka jera ɗaya bisa ɗaya, hular sanyi, safar hannu, safa mai kauri, takalmi rufaffe saboda kunama, filas na shayi, da man kaɗanya don leɓe da dunduniya. Batirin kyamara yana saurin mutuwa cikin sanyi, ka ajiye na biyu a aljihun ciki. Ribar wannan bushewa ita ce raɓa ba ta cika damun gilashi ba. A Disamba kuwa daren yana da daɗin zama, amma rana takan haura digiri 35, kuma ƙasar da ta sha zafi takan ci gaba da motsa iska har cikin dare.

Malam Bashir, Kano

Na gode ƙwarai, Alhaji, Malama da Injiniya. Na ajiye batun Disamba, zan nemi duhun watan da ya faɗo a Yuni, in ƙara dararen su kai huɗu idan aljihu ya yarda. Saura tambaya ɗaya: idan na isa, ta yaya zan gane tun da rana cewa daren zai yi kyau, kuma wane hasashen yanayi ne ya cancanci a dogara da shi a wuri mai nisa haka?

Malama Hadiza, Zariya

Abubuwa biyu ake dubawa, Malam, kuma ba kullum suke zuwa tare ba. Na farko shi ne tsabtar iska, wato rashin ƙura, hayaƙi da siririn girgijen nan na can sama. Wannan kana iya auna shi da rana: ka miƙa hannu ka rufe rana da babban yatsanka, ba tare da ka kalle ta ba, ka duba launin saman da ke kewaye da yatsan. Idan shuɗi ne har kusa da shi, iskar tsaf take. Idan fari ne ya bazu, akwai abin da ke rataye a sama. Ka duba kuma duwatsun nesa, ko gefensu ya fito da kaifi ko ya narke. Na biyu shi ne nutsuwar iska. Idan iska mai ɗumi da mai sanyi suna cuɗanya a sama, hasken tauraro yakan karkace a hanya, kamar yadda abin da ke nesa yake rawa bisa kwalta da tsakar ranar bazara. Taurari masu yawan ƙyaftawa har a saman kai alama ce ta rashin nutsuwa. Wannan ya fi damun mai babbar na'ura da ke son ganin zoben Saturn ko zanen jikin Jupiter. Kai da ke da ido da madubin hannu, tsabtar iska ce ta shafe ka, kuma daren da ya biyo bayan wucewar iskar sanyi, ko da taurari suna ta ƙyaftawa, yana iya zama mafi kyawun darenka.

Da dare kuma sama da kanta za ta gaya maka matsayinta. Masu wannan harka suna amfani da ma'aunin da John Bortle ya fitar a 2001, daga 1 zuwa 9, inda 9 take tsakiyar birni, 1 kuma mafi duhun da ake samu, NamibRand kuwa yana can ƙarshen mai duhu. Ka duba gefen taurarin Kuros na Kudu, waɗanda a Kano ba sa wuce digiri 21 amma a can suna sama sosai da farkon daren Yuni: akwai wani baƙin tabo a cikin farin Milky Way, ƙura ce ta sararin samaniya da ta tare hasken da ke bayanta. Idan ya fito baƙi ƙirin da iyakarsa a fili, daren ya cika. Sama da shi kaɗan za ka ga Omega Centauri da ido kamar ɗan tauraro mai gashi, a madubi kuma ya zama dunƙulen haske. Idan ka ga gefen sama ya yi ɗan haske-haske duk da babu gari kusa, kada ka ɗauka aibi ne, iskar can sama ce take fitar da nata raunanan haske, kuma kyamara takan nuna shi kore ko ja. Girgije ma a wurin baƙi yake fitowa, sai dai ka ga taurari sun ɓace a wani yanki.

Game da hasashe, manhajojin Meteoblue da Windy suna raba gizagizai zuwa na ƙasa, na tsakiya da na sama, suna kuma nuna ƙarfin iska da ƙura, kuma wannan ya fi amfani da hoton rana ko girgije da wayarka ke nunawa. Ka saka sunan Sesriem ko garin Maltahöhe idan ba su gane gandun ba, ka ba layin gizagizan sama muhimmanci domin su ne ba a lura da su da ido, kuma kada ka gaskata abin da ya wuce kwana uku. Tashoshin auna yanayi a yankin ba su da yawa, don haka ka haɗa da tambayar ma'aikatan masaukin, waɗanda sukan gane zuwan iskar gabas tun da yamma. Ka sauke taswirar taurari ta Stellarium a wayarka tun kana Windhoek, ka kunna mata jan haske, domin ba ko'ina ake samun intanet a cikin gandun ba, kuma ka gyara agogonka, Namibiya tana gaban Najeriya da awa ɗaya.